Yawun 'Yan Matan Boko

Litinin, 2 ga Agusta, 2021, bayan La'asar

"To ni dai tambayata guda ce, Kamila. Shekarun nan da kika kwashe a Zariya, abin da aka koya maki ke nan, ki bi gari kina tara miyaun ɗiyan mutane cikin kwalba?"

Goggo Sa'a ke nan, ƙanwar Baba, tana tsinkar zogale, ko kallona ba ta yi. Na ce mata e, har jarrabawa aka yi mana a kai. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ita abin da ta sani, gashi da farce da miyau ba a ba baƙo, kuma wannan ba a jami'a ta karanto shi ba.

Bari in rubuta yadda abin yake. An ba mu hutu a makarantar 'yan matan da nake koyarwa a Kankia, sai wata ƙungiya ta nemi mace wadda ta karanta kimiyya kuma ta san ƙauyukan Kusada. So suke su gwada hanya biyu ta gano korona a jikin yara. Tsohuwar hanya ita ce a cusa dogon tsinke mai auduga can cikin hanci, har yaro ya ji shi a ƙwaƙwalwa. Sabuwar kuwa yaro zai tofa yawu ne kawai a 'yar kwalba, har ya kai wani zane. Kowane yaro za a yi masa duka biyun, a kai ɗakin gwaji a Katsina, a ga ko bakinsu zai zo ɗaya. In yawu ya faɗi abin da hanci ya faɗa, an huta da kukan yara. Shugaban aikin Dokta Abdulrauf ne, mutumin kirki, wanda komai a duniya in ka nuna masa sai ya ce abin sha'awa ne.

Ni na kawo sunan garinmu, Boko. 'Yar Boko ce ni ta gari, 'yar boko ta karatu, na ga wa ya fi ni cancanta.

Baba ya ba da zaurensa. Shi ne Malam Zainul Abidin, in ya ce a zo, za a zo. Rabin garin nan a gabansa suka fara babbaƙu, ɗaya rabin kuma suna jiran su iya zama ne. Ya ce neman sani ba laifi ba ne. Yaya Sada ya ce laifi ne in Turawa suka aiko. Baba ya tambaye shi ko rediyon da ke rataye a kafaɗarsa Bakatsine ne ya ƙera.

Salma tana nan tun farkon hutu, tana hadda wurin kakanta. Sunanta na fara sawa, don kada a ce na ɓoye ɗiyata na miƙa na mutane.

Laraba, da yamma

An yi. Kunnena har yanzu yana amsa kuwwa.

Maza ba su ba mu wahala da yawu ba. Ka ce wa yaron Boko ya yi tofi, kuma ba duka, ba zagi, har da alawa a ƙarshe, ai ka ba shi aljannar duniya. Tsere suka yi wa zai riga kai zanen. Da aka zo tsinken hanci ne jarumtaka ta ƙare. Wani ɗan shekara goma da ya gama cika baki sai da mutum biyu suka danne shi, yana kiran uwarsa da sunanta na yanka.

'Yan mata ne suka tsaya. Hanci sun miƙa, sun yi kuka, sun share. Yawu kuwa fafur. Yarinya ta riƙe kwalba, ta sunkuyar da kai, ta kafe kamar an dasa ta. Dokta ya ɗauka ba su gane ba ne, ya ɗauki kwalba yana nuna masu yadda ake yi. Na ja shi gefe na ce masa ɗiyar mutunci ba ta tofar da yawu gaban baƙo namiji, ko tana shekara bakwai. Na kawo shawara su shiga cikin gida da kwalabensu, kowa da sunanta a jiki, wata babba ta tsaya a kansu. Goggo Sa'a ta ce ita za ta tsaya. Har na yi mamakin saurin yardarta. Ta ɗan jima, sannan ta fito da kwalaben jere a kan faifai, a rufe tsaf, kowace ta kai zane. Dokta ya ce zai sa a rahotonsa yadda girmama al'ada ke sauƙaƙa aiki. Na yi murmushin wadda ta saba jin yabo.

Baba bai fito ba, mura ta kama shi tun jiya. Daga ɗaki yake tsokanar Salma, wai tunda an huda hancin amaryarsa ba da izininsa ba, sai likita ya biya da 'yar hanci ta zinari. Ta ce ita ta fasa auren, ango mai tari.

Asabar, da hantsi, Kankia

Mijina Kabir ya kira daga Fatakwal. Na ba shi labarin mai kiran uwarsa, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce in gaida amaryar Malam.

Talata, 10 ga Agusta, bayan Azahar

A tsaye na tarar da Dokta, ya kasa zama.

Maza ba komai, hanci da yawu. Mata hanci ba komai. Yawunsu kuwa ya nuna akwai. Kusan dukansu, in ban da biyu.

Ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba. Ya riga ya samo dalilai: mata sun fi zama a ɗaki, suna cin abinci kwano ɗaya, wataƙila cutar takan fara zama a baki kafin ta hau hanci. In haka ne, yawu ba daidai yake da tsinke ba, ya fi shi. Ya ce abin sha'awa ne ƙwarai. Sai ya ga fuskata, ya tuna sunan Salma ne a saman takardar, ya ce in yi haƙuri, yara ba ta cika kwantar da su ba. A tsare su a gida, mako mai zuwa a sake gwaji.

Na ce to. Na fito na tsaya bakin titi ina ƙoƙarin tuna inda za ni.

Kabir bai yi dariya ba yau. Tambayarsa ta farko, wa ya sa sunanta.

Laraba, da safe, Boko

Salma lafiyarta lau. Ta cinye ɗanwakenta ta sa hannu a nawa.

Alhamis, bayan La'asar

Labari ya riga ni isa ko'ina. An ce a Dudunni an hana wata yarinyarmu ɗiban ruwa a famfo. An ce a Yashe wani ya ture farantin awara da ƙafa da ya ji daga inda take. 'Yan matan Boko na da cuta a baki, haka ake faɗa, kuma ni na san abin da ake nufi da irin wannan magana shekara goma nan gaba, ranar da za a zo neman aurensu.

Iyaye mata suka cika tsakar gida. Ba wadda ta zage ni. Gaisuwa suka yi ta yi, doguwa, mai sanyi, irin wadda ta fi zagi. Ina cikin bayanin cewa inji ne ya gani ba ni ba, Goggo Sa'a ta ajiye muciya ta juyo.

"Injin ƙarya ne, ku kwantar da hankalinku. Ta ina cuta za ta zauna cikin kwalbar da Malam ya tofe? Ɗaya bayan ɗaya ya buɗe su, a gabana."

Na ce ta maimaita.

Ta maimaita, da alfahari, har da ƙari. Wai na ɗauka za ta bar miyaun ɗiyan mutane ya fita gari hannun baƙi ba tsari? Da yaran suka gama, ta jera kwalaben a faifai ta biya ɗakin Malam. Ya buɗe kowace, ya karanta Falaƙi da Nasi, ya tofa. Waɗanda kuka ya busar wa baki ba su kai zanen ba, shi ya cike masu, don kada a sake wahalar da su. Ta ce bawan Allah, yana tari yana yi, bai tsallake ko ɗaya ba.

Na tambaye ta ko duka ne. Ta ce in ban da Lami ɗiyar mai shayi da ƙanwarta, su sun makara, sun tarar barci ya ɗauke shi, kuma har yau abin na damunta.

Ban buɗe takarda ba. Na san sunayen biyun da suka fita.

Matan suka ɗan sami natsuwa, suka watse suna yi wa Goggo godiya. Kuma gaskiya ta faɗa. Sakamakon ƙarya ne, kuma saboda dalilin da ta bayar daidai. Mutum ɗaya muka gwada, muka yi ta maimaitawa, da sunayen mata.

Ina jin tarin daga nan inda nake zaune.

Juma'a, da hantsi

Mura ce, in ji kowa.

Juma'a, bayan an sauko

Baba bai je masallaci ba. A iya wayona ban taɓa ganin Juma'ar da ta same shi a gida ba, ko ranar da Inna ta rasu sai da ya je.

Amma bai hana mutane shiga ba. Tunda aka ce 'yan mata na da cuta, sai iyayensu suka yi abin da suka sani: suka kawo su wurin Malam. Safe da yamma. Yarinya ta durƙusa, ya dafa kanta, ya karanta, ya tofa mata a goshi da fuska. Mai goyo ta kwanto jaririnta. Mai kwanon sha ta miƙa ruwa a tofa, a kai wa tsohuwa a gida. Layi har bakin rijiya. Ina tsaye jikin turken awaki ina kallo, da digirina.

Da aka ɗan sarara na shiga da takunkumi sabo cikin leda. Na ce ko zai sa, saboda murar. Ya juya shi gaba da baya, ya yaba ɗinkin. Uwata yake ce mani, don sunan mahaifiyarsa aka sa mani.

"Uwata, in na rufe baki, ta ina addu'ar za ta fita?"

Na yi dariya. Ya yi dariya. Tarin ya karɓe ta a tsakiya.

Na hana Salma zuwa hadda. Na ce mata likita ya ce ta zauna ɗaki, kada ta sa wa kakanta cuta. Haka na faɗa. Ta yi kuka don tausayinsa.

Asabar, da yamma

Na sami Yaya Sada a gona, yana duba gero. Na ga gara a can, inda ba kunne sai na tsuntsaye.

Na yi masa bayani dalla-dalla yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Ya saurara har ƙarshe, abin da bai saba ba. Sai ya tambaye ni a hankali ko abin da nake cewa shi ne bakin Baba ne cutar. Na ce ban faɗi haka ba. Ya ce to mi na faɗa.

Ya tuna mani da Dawuda tela na Yashe. Bara mota ta zo da mutane cikin fararen kaya kamar gawa ta tashi, suka tafi da shi yana ɗaga wa 'ya'yansa hannu. Ba wanda ya sake ganin fuskarsa. An ce a leda aka sa shi, ba wanka. Na ce bara ce, yanzu an sassauta, kuma yawancin waɗanda aka kai da ƙafarsu suka dawo. Ya ce yawanci. Ya ce in je in gaya wa Baba yawanci.

Sannan ya faɗi wanda ya fi. Shekara arba'in mutane na kawo ɗiyansu wannan baki. Ranar da aka ce shi ya zuba masu cuta, ba mutum ɗaya za a ɗauka a mota ba, makarantar ce, da sunan gidan, da duk addu'ar da ya taɓa yi wa wani. Ya ce in bari murar ta wuce, ba wanda zai sani.

Na ce in ba ta wuce ba fa.

Ya karya ganyen gero yana dubawa, kamar a nan amsar take.

Lahadi

Ban kira kowa ba. Na wanke kayan Salma, har da waɗanda ba su yi dauɗa ba.

Litinin, 16 ga Agusta, bayan La'asar

An sake gwajin. Wannan karon Dokta ya zo da nas mace, ita ta shiga cikin gida ta tsaya kan 'yan matan da kanta, ta rufe kwalaben ta sa a kular ƙanƙara. Goggo Sa'a ta yi ta kewaya ta da faifai a hannu kamar kaza ta ga shaho. Ba ta sami ko ɗaya ba.

Na yi murna, a ɓoye. Na ce shi ke nan, yawun zai fito fes, Dokta zai ce kuskure aka samu a ɗakin gwaji, a wanke 'yan mata, ba sai na buɗe baki ba. Ashe har yanzu ina jin daɗin dabarata.

Kafin su tafi Dokta ya ce yana so ya gaida Malam, ya yi masa godiyar zaure. Yaya Sada ya ce Malam ya shiga halwa, ba ya ganin kowa sai ya fito. Dokta ya juyo ya kalle ni. Tsakaninsa da ɗakin bai fi taku kaɗan ba, kuma a cikin motarsa akwai duk abin da ake bukata.

Na ce haka ne, Allah dai ya karɓa.

Dokta ya ce amin, ya ce abin sha'awa ne.

Alhamis, da hantsi

Jiya aka yi cika-ciki. Goggo ta sauko da wutsiyar ragon layya da ta adana, ta yi miyar da ƙamshinta ya kai zaure. Baba ya kai loma biyu ya ture, ya ce Sa'a ta tsufa, ta manta gishiri da daddawa. Ta ɗanɗana, ta kalle ni. Na ce ni ma na ji kamar da saura.

Ɗakinsa hayaƙin turare ya turnuƙe har ido na yaji. Ya ce turaren yanzu duk jabu ne, ka zuba ka zuba ba ka jin komai.

A zaune yake salla.

Juma'a

Mura ce.

Asabar, 21 ga Agusta, Kankia, bayan Azahar

Na zo karɓar sakamakon da zai wanke 'yan mata, na tarar da wani abu daban.

'Yan matan yanzu suna da ita da gaske. Ba duka ba, amma da yawa, kuma wannan karon hanci da yawu bakinsu ɗaya. Lami da ƙanwarta ma sun shiga. Salma tana ciki.

Dokta sai murna yake. Ya ce kin gani? Yawu ya hango ta tun kafin hanci ya san ana yi. Ya ce in wannan ya tabbata, za a canza yadda ake gwada yara a ƙasar nan, wataƙila har waje. Ya fara rubutu, kuma sunana na ciki, na biyu bayan nasa. Ya ce Boko za ta shiga littafi.

Na zauna ina kallon bakinsa. Ina lissafin safiya da yamma, goshi da fuska, layi har bakin rijiya. Mu muka ce suna da ita lokacin da ba su da ita, iyayensu suka kai su neman magani, suka samo. Ban san sunan wannan a kimiyya ba. A Zariya ba mu kai nan ba.

Ya tambaye ni ko lafiya. Na ce azumin nafila nake. Ya ba ni haƙuri don ya sha ruwa a gabana.

Da zan fito na ari ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa ya auna iskar jini. Na ce don Salma ne.

Lahadi, da yamma, Boko

Jikin Salma ya yi ɗumi da safe, kafin Azahar ta miƙe tana neman rigima. Sauran ma haka nake ji, ɗan zazzaɓi, ɗan atishawa. Yara dai.

Goggo Sa'a ta fara tari. Ta ce hayaƙin murhu ne. Tsohuwar gidan mai shayi, wadda ake kai wa ruwa a kwano, an ce ta kwanta.

Kabir ya ce zai taho ya ɗauki 'yarsa. Na ce ba a yarda ta fita ba. Ya ce muryata ta canza, ko akwai abin da ban gaya masa ba. Na ce layin ne ba kyau.

Litinin, bayan Azahar

Na sa wa Baba abin a yatsa. Ya ce ashe Turawa ma sun fara carbin yatsa, ya tambaya nasu salati nawa yake ƙirgawa. Na ce na zuciya yake ƙirgawa. Maganar da bai wuce kalma goma ba sai da ya huta a tsakiyarta.

Lambar ta fito. Na cire, na murza masa yatsan, na sake sawa a ɗaya hannun. Ta sake fitowa.

Ba zan rubuta ta ba.

Na nuna wa Yaya Sada. Ya ce shi bai iya karatun agogo ba. Ya aika a sayo zuma da habbatussauda.

Talata

An yi ruwa tun safe. Matan ba su fasa ba, da buhu a ka.

Laraba, 25 ga Agusta, da hantsi, bakin titin Yashe

Ina jiran motar Kankia. A kan gwiwa nake rubutu.

Bayan an idar da Asuba Baba ya aiko Salma ta leƙo ta ce Kaka na kira. Ta karya dokata ke nan, ta je wurinsa, na kuma gane ba yau ta fara ba. Ita ta ba shi labarin sabon sakamako, da cewa Lami ma yanzu ta shiga, ita da da ba ta ciki.

Na same shi jingine da bango, an tara masa filo. Leɓensa ya yi wani launi. A waje mata sun fara taruwa, ina jin ƙarar kwanoni. Ya nuna mani tabarma da ido, na zauna. Ya daɗe yana tara numfashi.

"Kwalaben nan da Sa'a ta kawo mani. Injin naku yana bambance miyaun yaro da na tsoho?"

"Ba ya bambancewa, Baba."

"Ashe ni kuka gwada."

"Kai ne."

Ya gyaɗa kai, kamar ɗalibi ya kawo masa harafi daidai. Na shirya wa fushi, na shirya wa musu, na shirya ayoyi ma, don na san da su za a yi. Bai bukaci ko ɗaya ba. Ya tambaya ko yaran daga baya ne suka samu. Na ce daga baya. Bai tambaya daga ina ba.

"Tun yaushe kika sani?"

Na ce tun ranar da mata suka zo tsakar gida.

Ya rufe ido. Na ɗauka numfashin ne.

"Uwata. Kina tsaye ana kwanto mani jarirai."

Ba faɗa ya yi ba. Ko murya bai ɗaga ba, ba shi da ita. Na buɗe baki in ce Yaya Sada, in ce Dawuda tela, in ce sunan gida, sai na ji duk na san su, kuma shi ma ya san su, kuma ba su ya tambaya ba. Mako biyu ina kare shi daga maganar da ya haɗiye cikin numfashi ɗaya.

Ya ce in je in zo da mutanen nawa. In gaya wa likita komai, har kwalaben, ya goge sunan ɗiyan mutane daga abin da ba nasu ba. A duba Sa'a da tsohuwar gidan mai shayi. Ya ce sharaɗinsa guda, in ta Allah ta kasance a can, a yi masa wanka. Na ce to. Ban san ko ina da ikon cewa to ba.

Na ce zan kira a waya. Ya ce wanda ya ɓata wa mutum aiki ba ya aika masa da iska, da ƙafa ake zuwa.

Sai ya ce in ja masa ƙofa.

Ƙyauren nan ban san yana motsi ba. Tun ina yarinya a buɗe yake dare da rana, an tokare shi da dutse, ƙasa ta ci gindinsa, har ciyawa ta fito a bayansa. Na kawar da dutsen, na ja, ya ƙi. Yaya Sada na tsaye da buta a hannu yana kallona. Ya ce in na kawo su, ni na sani. Na ce na sani. Bai taya ni ba, bai kuma hana ni ba. Sai da na sa hannu biyu na ɗaga shi sama, ya zo yana kuka yana kartar ƙasa.

Matan suka zuba mani ido. Ta gaba, mai jariri a kafaɗa, ta tambaye ni ko Malam barci zai yi, su jira.

Na ce Malam ya ce kowa ta koma da ruwanta.

Ba wadda ta motsa. Muna tsaye haka muka ji motsi daga ciki, a hankali, ana jan jiki, ana tsayawa, ana sake ja. Sai ƙarar sakata.

Na ɗauki mayafina a kan igiya, na ratsa ta tsakiyarsu na fita.